Hotunan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka a shafin Library of Congress, yadda na same shi a aji

Malamai 'yan uwana masu koyar da tarihi, da iyayen da ke zama da yara suna musu bita, yau sharhi zan yi a kan wani shafi da ya kamata a ce an san shi fiye da yadda aka san shi, wato shafin Library of Congress, babban ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka da ke Washinton, musamman sashensu na malamai da taskar hotuna. Abu ɗaya na yi amfani da shi a kai, koyar da gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata a Amurka tun daga zamanin dokokin wariya da ake ce wa Jim Crow har zuwa dokar zaɓe ta 1965, ta hanyar hotunan da aka ɗauka a lokacin da abun ke faruwa. Toh a nan kawai zan tsaya, sauran kayan da ke ciki na taswira da kiɗe-kiɗe da wasiƙun shugabanni sai wani ya yi nasa sharhin.

Kyauta ne, ba a buɗe akawun, ba fasuwod, ba talla da ke faɗo maka a fuska kana tsakiyar darasi. Wannan kam sun kyauta. Amma tun yanzu in gaya maka, in ka shiga da niyyar kwaso shahararrun hotunan nan da kowa ya sani, karen 'yan sanda ya cafki yaro a Birmingham, ko yarinyar nan Elizabeth Eckford tana tafiya ana mata ihu a baya a Little Rock, ko dukan da aka yi wa mutane a gadar Selma, to za ka fito da ɗan sanyin jiki, saboda yawancin waɗannan na kamfanonin labarai ne da mujallu da iyalan masu ɗaukar hoton, irin su AP da Life, haƙƙin mallakarsu na nan daram. Wasu babu su sam, wasu kuma za ka ga katin bayaninsu da ɗan mitsitsin hoto kaman kan sarki, an rubuta cewa babban sai a cikin ginin ɗakin karatun ake iya buɗe shi. Ba rowa ba ce, doka ce. Amfanin shafin yana wani waje daban, kuma a ganina wancan wajen ya fi amfani ga ɗalibi.

Bari in fara da abun da ake samu a buɗe. Daga 1935 zuwa 1944 gwamnatin Amurka ta ɗauki masu hoto aiki, mafi yawan lokacin a ƙarƙashin wani mutum Roy Stryker, a hukumar tallafa wa manoma da ake kira FSA, daga baya aikin ya koma ofishin yaɗa labaran yaƙi, aikinsu su zagaya ƙasa su ɗauko talaucin da karyewar tattalin arziki ta jefa mutane a ciki. Nagatif ɗin baƙi da fari da suka bari sun kai kusan 175,000, kuma tunda aikin gwamnati ne, kusan duka za ka iya saukewa ka buga ka raba ba mai ce maka kanzil. Ba wariyar launin fata aka tura su ɗauka ba fa, amma ta ƙi ɓuya, tana jikin bango a ko'ina. Ɗakin karatun ma sun ware jerin hotunan allunan wariya daga cikin wannan taska a waje guda, wanda ya rage wa malami wahala ba kaɗan ba.

Wanda ya fi min aiki a cikinsu shi ne na Marion Post Wolcott da ta ɗauka a 1939 a garin Belzoni na jihar Misisipi. Gefen wani gidan silima ne, wani baƙin mutum yana hawa matattakalar da ke ta waje zuwa ƙofar da aka ware wa baƙaƙe can sama, ba ka ganin fuskarsa sai surarsa da inuwarsa a bango, ga allo an rubuta kuɗin shigar baƙaƙe santi 10, ga ƙaton tallan lemon kwalba a jikin ginin, ga wata ƙofa a ƙasa an rubuta ta fararen maza ce kaɗai. Babu ɗan sanda, babu kulki, babu jini. Idan ka sa wa yara wannan a sikirin ka yi shiru, da farko za su ce ai ba komai a ciki, mutum ne zai je kallo, sai can wani ya karanto allon, wani ya tambaya me ya sa matattakalar take waje ba a ciki ba, sai wata ta ce kenan tun wajen gina gidan aka tsara haka, magini ya auna, kafinta ya buga, mai fenti ya zo ya rubuta aka biya shi ya tafi. Wannan maganar da yarinya ta fito da ita da bakinta ta fi duk bayanin da zan yi a kan hukuncin kotun ƙoli na 1896 a shari'ar Plessy da Ferguson, wanda ya halatta raba farare da baƙaƙe wai in dai an ba kowa daidai. Sai bayan sun ga matattakalar nake kawo hukuncin, kuma yana zama.

Akwai na Russell Lee shi ma na 1939, wani saurayi yana shan ruwa a wajen da aka ware wa baƙaƙe a wata tasha a birnin Oklahoma, da na Jack Delano na tashar bas a Durham a 1940, duk sun yi. Sai kuma Gordon Parks, wanda shi kaɗai ya isa darasin sati. Baƙi ne, an haife shi a Kansas a 1912, ya zo wajen Stryker a 1942 da tallafin gidauniyar Rosenwald, a nan ya haɗu da Ella Watson, mai sharar ofisoshin hukumar da dare. Hoton da ya yi mata kowa ya san shi, tana tsaye da tabarau da riga mai ɗigo-ɗigo, tsintsiya a hannu, mofa a gefe, tutar Amurka a bayanta ta ɗan dushe. Abun da shafin nan ya ba ni wanda littafin aji ba ya bayarwa shi ne sauran hotunan, domin Parks bai tsaya a wannan ɗayan ba, ya bi ta gida, ya ɗauke ta da jikokinta, ya bi ta coci. Idan ka jera su sai ɗalibi ya ga cewa na tutar nan an tsara shi ne, mai hoto ya ce tsaya nan, riƙe wannan, kalle ni, saboda yana da maganar da yake son faɗa wa ƙasarsa, su kuma sauran suna nuna mace mai gida da iyali da ibadarta wadda tsintsiya ba ita ce iyakarta ba. Daga nan gardama take tashi, wai hoton da aka tsara gaskiya ne ko ƙarya, kuma ni dai ban taɓa yanke musu hukunci ba, barin su nake su yi ta yi.

Kayan aikin da sashen malamai ya tanada ba wani abun a zo a gani ba ne a ido, takarda ce shafi ɗaya mai gida uku, na farko ka rubuta abun da idonka ya gani kawai, na biyu me kake zato yana faruwa da dalilinka, na uku waɗanne tambayoyi ne suka taso maka, sai wani fili a ƙasa na abun da za a ci gaba da bincike. Akwai ta malami daban mai ɗauke da tambayoyin jan hankali musamman don hotuna. Mutum zai iya raina ta, amma gidan farkon nan yana da wuya wallahi, saboda yaro ka ce masa me ka gani sai ya ce na ga ana zaluntar mutum, ka ce a'a wannan fassararka ce, me ka gani, sai ya dawo ya ce na ga mutum ɗaya, matattakala, allo biyu. Wannan raba gani da zato shi ne duk abun da takardar ke koyarwa, kuma ya wadatar. Inda ta gaza a ganina shi ne ba ta matsa wa ɗalibi sosai a kan wa ya biya mai hoton da kuma inda aka fara buga shi, wannan ni nake ƙara gida na huɗu da biro.

Kuma dalilin da ya sa nake ƙarawa ke nan zan kawo. Kowane hoto a shafin yana da katin bayani, sunan wanda ya ɗauka in an sani, shekara ko ranar, taskar da ya fito daga ciki, da matsayin haƙƙin mallakarsa. Wannan katin shi ne ainihin kayan da nake yaba wa, fiye da hoton ma wani lokaci. Ɗauki Rosa Parks. Kowa ya san an kama ta ranar 1 ga Disamba 1955 a Montgomery ta jihar Alabama saboda ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba bature, kuma kowa ya san hoton da ɗan sanda ke dangwala mata yatsu a tawada, da wanda take zaune a cikin bas tana kallon taga wani bature na zaune a bayanta. Tambayi ɗalibai yaushe aka ɗauki waɗannan, duk za su ce ranar da aka kama ta mana. Toh a duba kati, 1956 ne duka biyun. Na dangwala yatsun na ranar 22 ga Fabrairu 1956 ne, kamu na biyu, lokacin da aka tuhumi gomman jagorori da laifin shirya ƙaurace wa bas. Na cikin bas ɗin kuma ranar 21 ga Disamba 1956 aka ɗauka, bayan an yi kwana 381 baƙaƙen garin suna takawa a ƙasa suna haɗa motoci, kotun ƙoli ta soke wariyar, kuma baturen nan na baya ba wani fasinja mai fushi ba ne, ɗan jaridar kamfanin labarai na UPI ne mai suna Nicholas Chriss, zaunar da su aka yi don a samu hoto. Wannan na sunan ɗan jaridar kai malami za ka zo da shi daga karatunka, amma shekarar da ke kan kati ita ce ke buɗe ƙofar. Ranar da aka kama ta ɗin ba wanda ya ɗauki hoto a bas. Mu kan ce gani ya kori ji, a nan kam gani sai da ji, in ba haka ba yaro zai tafi da tarihin da bai faru ba yana rantsuwa ai da idonsa ya gani.

Kuma abun daɗin, takardun Rosa Parks ɗin kanta suna shafin, rubuce-rubuce kusan 7,500 da hotuna kusan 2,500, an ɗora su a intanet a 2016. Akwai rubutun hannunta inda take cewa duk rayuwarta ana tura ta ana ture ta, a wannan lokacin ta ji ba za ta iya ƙara ɗauka ba. Ka haɗa wannan da cewa tun 1943 take sakatariyar reshen Montgomery na NAACP, ƙungiyar neman 'yancin baƙaƙe, kuma a bazarar 1955 ta je horon 'yan gwagwarmaya a makarantar Highlander a Tennessee, sai labarin nan na wai wata baiwar Allah ce mai ɗinki da ta gaji da aiki ƙafarta na ciwo ya rushe da kansa. Shekararta 42 a lokacin, ba tsohuwa ba ce. Sannan wata tara kafin ita an kama Claudette Colvin mai shekara 15 a kan irin wannan laifin a garin, ɗalibai in suka ji shekarunta sai ka ga sun gyara zama.

Na shekarun 1950 da 1960, abun da ya ceci malami shi ne taskar mujallar U.S. News & World Report, domin mujallar ta ba da hotunan ma'aikatanta kyauta ga jama'a, don haka aikin su Warren Leffler da Marion Trikosko da Thomas O'Halloran da John Bledsoe suna saukuwa manya-manya tsaf. A nan za ka samu James Meredith, baƙin ɗalibi na farko a jami'ar Misisipi, yana tafiya tsakanin jami'an gwamnatin tarayya a jami'ar a 1962, da taron Washinton na ranar 28 ga Agusta 1963 da mutum kusan 250,000 suka halarta, da haɗuwar Martin Luther King da Malcolm X a ginin majalisa ranar 26 ga Maris 1964, wadda ita kaɗai ce haɗuwarsu a duniya, kuma ba ta wuce ta gaisuwa ba, duka sun zo sauraron muhawarar dokar 'yancin jama'a ne. Hotunan taron Washinton ɗin ina son su ne saboda kwalayen da mutane ke ɗauke da su, ka yi zumin ka sa yara su karanto, aikin yi, gidaje masu kyau, haɗa makarantu, 'yancin zaɓe, a daina dukan 'yan sanda, sai su gane ba jawabin mutum ɗaya aka je ji ba, sunan taron ma na neman aikin yi ne da 'yanci, kuma Bayard Rustin da A. Philip Randolph ne suka tsara shi. Ka tambaye su mata nawa suka gani a cikin taron, sannan ka gaya musu ba mace ko ɗaya da aka ba babban jawabi ranar, Daisy Bates, jagorar NAACP ta jihar Arkansas, 'yar gajeriyar magana kawai ta yi.

Biyu daga wannan taskar sun fi tsaya min a rai. Ɗaya na Leffler ne, 11 ga Yuni 1963, gwamnan Alabama George Wallace ya tsaya ƙiƙam a ƙofar wani zaure na jami'ar jihar a Tuscaloosa, mataimakin babban lauyan gwamnatin tarayya Nicholas Katzenbach na fuskantarsa. Tambayar da nake yi ita ce, duk wannan rigimar a kan baƙaƙen ɗalibai biyu da gwamnan ke son hana su rajista ake yin ta, Vivian Malone da James Hood, to ina suke a hoton? Babu su. A mota aka bar su lokacin. Hoton ya zama na turawa biyu masu mulki suna ja-in-ja, waɗanda abun ya shafa suna waje, sai ka kawo ɗayan hoton na Leffler ɗin inda Malone ke shiga zauren don yin rajista, ka ce wanne ya kamata jarida ta sa a gaba. Na biyun na O'Halloran ne na Satumba 1958, wasu 'yan mata farare suna zaune a gida da kayan barci suna ɗaukar darasi ta talabijin, saboda gwamna Orval Faubus ya gwammace ya rufe manyan makarantun sakandaren Little Rock na shekara guda cur da a ce baƙi da fari sun zauna aji ɗaya. Hoton lami lafiya, har da ɗan ban dariya, amma duk yaron da ya taɓa yin karatu daga gida yana kama shi nan take, kuma yana nuna cewa wariyar ta ci har 'ya'yan masu yin ta.

Toh yanzu inda nake da ja. Abun da yake kyauta a buɗe shi ne mafi yawa abun da gwamnati ko mujallar da ke Washinton ta ɗauka, kusan duk turawa ne masu kyamarar in ka cire irin su Parks, don haka in ka dogara da shi kaɗai darasinka zai cika da manyan mutane a bakin makirufo da ginin majalisa da shugaban ƙasa yana sa hannu, ranar 2 ga Yuli 1964 ga dokar 'yancin jama'a, 6 ga Agusta 1965 ga ta zaɓe, kaman daga sama abun ya sauko. Alhali 'yan gwagwarmayar da kansu sun riƙi kyamara a matsayin makami. Ƙungiyar ɗalibai ta SNCC tana da masu hotonta, na farkonsu Danny Lyon, shi ne a 1963 ya lallaɓa ya ɗauki 'yan matan da aka kulle a wani tsohon kurkuku a Leesburg na jihar Jojiya ta tsakanin ƙarafan taga, hotunan suka kai har majalisa. Mamie Till ita ta yanke shawarar a bar akwatin gawar ɗanta Emmett a buɗe a Shikago a 1955, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Misisipi, mujallar baƙaƙe ta Jet ta buga, ba manyan jaridun turawa ba. Wannan ɓangaren dole malami ya nemo shi a wasu wurare, shafin gidauniyar Gordon Parks misali, inda ake ganin hotunansa masu launi na Alabama na 1956, ko gidan tarihin baƙaƙen Amurka na Smithsonian da aka buɗe a 2016. Na Emmett Till kuwa ni ba na nuna wa ƙananan yara, labarin shawarar uwar nake ba su, su manya ma sai na faɗa musu abun da za su gani na bar wanda ba zai iya ba ya kau da kai.

Abun da ya ɗan cike wannan giɓin a cikin shafin kansa shi ne hirarrakin bidiyo na aikin tarihin gwagwarmayar da majalisa ta yi wa doka a 2009, aka yi shi tare da Smithsonian, hira sama da 100 da mutanen da aka yi abun da su, kowace da rubutaccen abun da aka faɗa don haka kana iya neman kalma ka tsallaka wajen da kake so ba sai ka kalli awa biyu ba. Akwai Simeon Wright, ɗan uwan Emmett Till da suke kwance ɗaki ɗaya daren da aka zo aka tafi da shi. Akwai Freeman Hrabowski da aka kulle yana ɗan shekara 12 a zanga-zangar yaran Birmingham ta Mayu 1963, wanda daga baya ya zama shugaban jami'a a Maryland. Tunda hoton karen na Bill Hudson da na mesar ruwan 'yan kwana-kwana na Charles Moore ba naka ba ne ka buga, ka nuna su daga inda masu su suka ajiye, sannan ka kunna minti uku na muryar wanda ya kasance a wajen yana yaro. Af, shi ma yaron da kare ya cafka a hoton Hudson, Walter Gadsden, ba ya cikin masu zanga-zangar, kallo ya zo yi, duk da haka hoton ya hau shafin farko na New York Times ranar 4 ga Mayu ya girgiza ƙasar. Gida na huɗun nan dai.

Na Selma akwai hotunan Peter Pettus na tattakin neman 'yancin zaɓe na mil 54 zuwa Montgomery a ƙarshen Maris 1965, ba na ranar dukan gadar nan na 7 ga Maris ba ne da aka fasa wa shugaban SNCC John Lewis kai, na tafiyar ne, mutane da tutoci a gefen titi, sun isa a yi darasi da su. Haka nan akwai taskar tsofaffin jaridu mai suna Chronicling America da ta kai har 1963, ciki har da Evening Star ta Washinton da wasu jaridun baƙaƙe, kana iya buɗe shafin farko na washegarin wani abu ka ga wane hoto edita ya zaɓa da abun da ya rubuta a ƙasansa.

Sauran ƙananan abubuwa da ya kamata ka sani kafin ka shiga. Kusan komai da Turanci ne, takardar aikin kam ba wuya ka mayar da ita Hausa a allo, amma hirarrakin sai mai jin Turancin kudancin Amurka ko ya bi rubutun. Wajen bincike, an bar bayanan hotuna da kalmomin zamaninsu, don haka in ka rubuta kalmomin yau kawai tsofaffin hotunan FSA da yawa ba za su fito ba, sai ka gwada da Negro ko colored, kuma ka shirya yi wa ɗalibai bayani kafin su ci karo da su. Shafin rumbu ne ba faranti ba, ba wanda zai zuba maka, akwai 'yan tarin da aka riga aka haɗa wa malamai kaman na Jim Crow da na NAACP, sun yi kyau a fara da su amma kowanne 'yan kayan ciki kaɗan ne, sauran kai za ka tono, ka ware yamma guda ba da gaggawa ba. Wajen saukewa akwai JPEG ƙarami da babba da TIFF, shi TIFF ɗin yana iya kai megabayit da yawa sosai, in ba babban fosta za ka buga ba babban JPEG ya ishe ka har da zumin a kan rubutun kwalaye. Ka riƙa duba layin haƙƙin mallaka a kowane kati, musamman a taskar jaridar New York World-Telegram, domin a nan hotunan ma'aikatan jaridar a buɗe suke amma an cakuɗa su da na AP da UPI waɗanda ba haka ba. In ka maƙale akwai wajen aika wa ma'aikatan ɗakin karatun tambaya, shi ma kyauta.

A waya yana buɗewa amma hoto irin na Belzoni a ƙaramin sikirin asara ne, rubutun allon ba ya fita. In ba firojekta, gara ka buga baƙi da fari a takarda, tunda dama yawancinsu baƙi da fari ne ba abun da ka rasa, ka ba kowane rukuni kwafi ɗaya, ka naɗe katin bayanin a baya kar su gani sai sun gama gidan farko da na biyu. Wannan naɗewar ita ce dabarar, in suka fara karanta bayani shikenan sun daina kallo.

Ga manyan ɗalibai kuma akwai wata tambaya da nake ajiyewa sai ƙarshen zango, ita ma kayanta ba a shafin suke ba sai ka kawo. Ernest Withers baƙin mai hoto ne na Memphis, shi ya ɗauki masu kwashe shara da suka yi yajin aiki a 1968 suna riƙe da kwalaye iri ɗaya kowanne yana cewa shi mutum ne, ya ɗauki shari'ar waɗanda suka kashe Emmett Till, jagororin gwagwarmaya sun yarda da shi yana shiga har ɗakin taronsu. A 2010, shekara uku bayan rasuwarsa, jaridar Commercial Appeal ta Memphis ta bankaɗo cewa ya yi shekaru yana kai wa hukumar bincike ta FBI rahoto da hotuna ana biyansa. Sai in sa musu hoton masu sharar, in ba su takardar nan mai gida uku da na huɗun da na ƙara, in ce su cike.